Dogo, Bakaniken da Ya Shekara Arba'in Yana Sace Taya

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ko ana ruwa ko ana rana, za ka ji ƙarar sarƙa a ƙofar garejin manyan motoci da ke ƙarshen layin masu walda. Baba Dogo ne ya iso. Kafin ka ɗaga kai sama kana nemansa, gara ka duba ƙasa, domin mutumin nan ko ya yi ɗage, hularsa ba ta wuce fitilar gaban babbar mota ba. Abokan koyon aiki ne suka laƙa masa sunan don tsokana, sunan kuwa ya kama shi ram, har a katin asibitinsa ma Dogo aka rubuta.

Abu na farko, shara. Yakan share filin gareji tas, ya tsince duk wata ƙusa da guntun waya ya zuba a gwangwani. Sannan ya jera sifanoni a kan tebur daga ƙarama zuwa babba, ya goge kowacce da tsumma, ko da jiya da yamma ya goge ta. Daga nan ya jawo wasu gungume biyu na katako da suka yi baƙi ƙirin saboda shan mai, da tsofaffin tamfol biyu, ya ajiye a gefe. Sai ya sha shayinsa a tsaye, yana yi wa motar da za a fara da ita irin kallon da likita ke yi wa majinyacin da ya san ba ya shan magani.

Motocin da yake gyarawa irin masu dogon hancin nan ne, waɗanda injinsu ke gaba a ƙarƙashin bonet. Dogayen kanikawa sukan taka bamba, su kifa ciki, su miƙa hannu, shi ke nan. Shi kuwa Dogo, ko ya taka faffaɗan katakon da yake tsayawa a kai, sai hannunsa ya rage taƙi guda bai kai inda ciwon yake ba. A shekararsa ta farko ya gwada hawa benci. Ga santsin mai a ƙasa, ga wani noti da ya ƙi kwancewa. Ya ja da iya ƙarfinsa, benci ya yi gabas shi ya yi yamma, haƙorinsa na gaba kuma ya faɗa cikin injin, har yau ba a gan shi ba. Tun ranar ya yanke shawara: tunda shi ba zai ƙara tsawo ba, mota ce za ta rage nata.

Ga yadda yake yi, kuma ina roƙon mai karatu ya bi ni a hankali, don a nan duk maganar take. Sai ya sa a tsayar da mota inda ƙasa ta daidaita, ya toshe tayoyin baya da waigi don kada ta gangara. Ya tura gungumen nan biyu ƙarƙashin aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba. Sannan ya durƙusa gaban taya, ya danna bawul, ka ji fssss. Mota ta riƙa sunkuyar da kai a hankali har aksul ya zauna daram a kan katako. Nan yake tsayawa. Taya ta yi laushi, ta ɗan yi tumbi, amma da sauran iska a cikinta. Ya lulluɓe gefen motar da tamfol har ƙasa, don kada mai ya ɗiga a kan roba. Abu na ƙarshe, ya zare makullin mota ya jefa cikin hularsa, ya kifa a ka. Makullin nan ba ya fitowa sai an mayar da iska, an auna da geji, an shafa ruwan sabulu a bakin bawul an ga bai yi kumfa ba.

Wannan fssss ɗin shi ne agogon layin. Da ya tashi, sai wata murya ta amsa daga tsallaken hanya, inda Mai Faci yake da rumfarsa da injin iskarsa. Shi dogo ne na gaske, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma shekara talatin da uku ke nan suna fuskantar juna.

"Ka fara ko? Makashin taya! Hakkin robar nan ba zai bar ka ba!"

"Ina kwana, Mai Faci. An tashi lafiya?"

"Lafiyar me? Taya katifa ce da za ka zaunar mata da mota a kai? Ka nemi tsani, malam!"

"To, in na gama zan kira ka."

"Kada ka kira ni!"

In an gama kuwa, ba sai an kira shi ba. Za ka gan shi ya jawo doguwar tiyonsa ya tsallako hanya, ya durƙusa yana ba taya iska yana guna-guni, yana shafa gefenta da tafin hannu. Mota ta miƙe, gungume ya sami sarari, Dogo ya zare shi da ƙafa. Haka muka taso muka gan su, haka wasunmu suka yi furfura suna kallo.

Baba Dogo, yanzu da ka ajiye sifana, kai muke yi wa jinjina. Kai ne gajeren da manyan motoci ke durƙusa wa. Ba ka taɓa shiga jarida ba, ba a taɓa kiranka taro an ba ka takardar yabo ba, amma direbobin da suka kwana a gidajensu lafiya saboda aikin hannunka ba sa ƙirguwa.

Mai shayin ƙofar gareji ya ga ranar da wani direba ya zo a rikice, wai an gaya masa injinsa ya mutu, sai an kwance shi gaba ɗaya. Dogo ya ce a tayar. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kanga kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. Can ya buɗe, ya ƙara ɗaure wata tiyo da ta saki, ya ce wa mutumin ya kama hanya. Direban ya tsaya yana jiran sauran bayani, har sai da Dogo ya ce masa, "Ɗana, lafiyar motarka ƙalau. Ko so kake in nemo mata ciwo?"

Masu walda kuma suna ba da labarin tankar ruwa. Unguwa ta kwana uku babu ruwa, tankar ta lalace, Dogo ya gyara ta kafin azahar. Ana shirin mayar da iska, injin Mai Faci ya ƙi tashi. Mata sun cika ƙofar gareji da bokitai, direba yana cewa ai da sauran iska a tayoyin, zai lallaɓa. Dogo bai yi musu da kowa ba. Ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ya ɗauki sifana da ɗayan, ya tsallaka ya zauna gyaran injin iskan maƙwabcinsa. Awa guda cur, mata na zaginsa ta baya, Mai Faci na zaginsa ta gaba wai ba a taɓa masa inji sai da izini. Tankar ba ta motsa ba sai da geji ya nuna abin da ya kamata.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru makonni uku da suka wuce, saura kwana kaɗan ya yi murabus.

Akwai wata baiwar Allah da ake kira Hajiya Mai Motoci. Ba ita ta nemi sunan ba. Mijinta ne ya rasu wata takwas da suka wuce, ya bar mata manyan motoci uku, kuma a cikin wata takwas ɗin nan ta ga abin da ya ishe ta. An taɓa musanya mata sabon batir da tsoho. An taɓa zuƙe mata man tanki aka ce yoyo ne. Ta kai inda ko ina kwana aka ce mata sai ta dafe jaka. Mako guda kafin abin ya faru ta sa wa babbar motarta sababbin tayoyin gaba biyu, tana tsaye aka ɗaura su. Abin da ba ta fara koya ba tukuna shi ne yaren gareji.

Ranar nan da hantsi ta kira direbanta a waya. Shi kuma mutum ne mai rowar magana.

"Ina motar?"

"Tana gareji, Hajiya."

"Me ake ciki?"

"Bakanike ya sace tayoyin gaba."

"Ya yi me?"

"Ya sace su. Duka biyun. Yanzu injin yake kwancewa."

"Kai kuma kana ina?"

"Ina shan shayi. Ai makullin ma yana wurinsa."

A daidai nan cajin wayarsa ya ƙare.

Ba a yi rabin awa ba sai ga Hajiya a ƙofar gareji, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, a bayanta wani Kofur ɗan sanda mai ƙiba yana haki. Abin da ta gani ya ishe ta hujja. Ga motarta ta dungura da hanci ƙasa, ga tamfol an rufe inda tayoyi ya kamata su kasance, ga wasu 'yan ƙafafu biyu suna reto daga cikin bonet. Ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Ɓarawo! Jama'a, ga ɓarawon taya! Da rana tsaka!"

Masu walda suka kashe wuta. Masu wucewa suka tsaya. Kafin ka ce me, ƙofar gareji ta cika, wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Dogo kuwa bai ji komai ba, kansa na cikin inji. Sai da Kofur ya ja ƙafar wandonsa sannan ya fito da baya da baya, sifana a hannu, baƙin mai a kan hanci.

"Baba, kai ne bakaniken?" in ji Kofur.

"Ni ne, Ofisa. Sannu da zuwa."

"Kai ka sace tayoyin motar nan?"

"Ni ne."

Kofur bai taɓa samun mai laifin da ya amsa da sauƙi haka ba. Ya shiga lalube aljihu yana neman biro.

"Duka biyun?"

"Ai dole. In ka sace ɗaya, motar karkacewa take yi."

"Wannan ne karonka na farko?"

"Haba Ofisa, dube ni mana. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Duk motar da ta shigo nan sai na sace mata."

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Kun ji ko? Ko kunya babu!"

Kofur ya ci gaba da rubutu. "Kai kaɗai kake yi, ko kana da abokin aiki?"

"Sacewar ni kaɗai nake yi. In na gama, sai wancan ya zo ya yi nasa." Ya nuna tsallaken hanya.

Mai Faci ya saki ƙarfen da ke hannunsa. "Ni? Ni da na shekara talatin ina hana shi?"

"Ashe ka sani, ba ka kai ƙara ba," in ji Kofur. "Taho nan kai ma."

Zuwa lokacin mutanen layin sun gane inda aka kwana. Mai shayi ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Wani mai walda ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Direban Hajiya ya iso da kofi a hannu yana tambayar abin da ya faru. Kofur ya daka tsawa a yi shiru, ya juyo ya ce, "To Baba, yanzu ina tayoyin suke?"

"Ina kuwa za su je?" in ji Dogo. Ya sa hannu ya yaye tamfol.

Ga su nan, sababbi fil, ko tambarin jikinsu bai goge ba. Wurin ya ɓarke da dariya. Mai shayi ne ya samu ya ja numfashi ya ce, "Hajiya, iskar ya sace! Iskar! In an rage wa taya iska, sacewa ake cewa!"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Sai yanzu Dogo ya ga wayoyin da aka ɗaga. Sai yanzu ya ji wata mata a bayan taro tana tambaya wanne ne ɓarawon, ya kuma ga an nuna mata shi. Sifanar hannunsa ta yi masa nauyi. Mutumin nan ba shi da bene, ba shi da mota ko ta shiga. A ƙarshen wata zai miƙa garejin ga ɗansa na fari, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma duk abin da zai miƙa masa rumfar kwano ce, da kayan aiki, da suna. Shekara arba'in da ɗaya direbobi na barin masa mota da kayansu a ciki, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Yau ga shi a ƙofar garejinsa an kira shi da kalmar da ya fi tsana a duniya, kuma da bakinsa ya amsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ita kuma Hajiya kunya ta rufe ta, kunyar kuma ta juye ta zama sabon fushi.

"To ko bai ɗauke su ba, ai ya kashe su! Ku dubi yadda suka yi tumbi! Sababbin tayoyi, ko mako biyu ba su yi ba. Wa ya ce ka taɓa su? Inji na kawo, ba taya ba! Kofur, a nemo wanda ya san taya ya faɗa mana gaskiya."

Duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Babu wanda bai san ra'ayin Mai Faci ba. Har masu walda, da ƙara ta cinye musu kunne, sun haddace "makashin taya". Dogo ya sunkuyar da kai. A ransa ya ce shi ke nan, an fita daga ɓarawo an shiga maɓarnaci, kuma wanda zai yanke hukuncin shi ne mutumin da ya shekara talatin da uku yana jiran wannan rana.

Mai Faci ya tako a hankali, ya goge hannu a riga. Ya durƙusa gaban tayar dama, ya shafa ta, ya leƙa ƙarƙashi. Ya zagaya ta hagu ya yi haka. Bai yi sauri ba, don bai taɓa samun masu sauraro da yawa haka ba.

"Hajiya, matso ki gani. Kin ga ƙarfen nan na tsakiya? Shi ne rim. Kin ga tafin hannuna ya shige tsakaninsa da ƙasa, har da sarari? To bai danne roba ba. Yanzu leƙa ciki. A'a, sai kin sunkuya. Kin ga katakon can? Shi ke ɗauke da motarki. Tayarki hutu take yi."

"To ba ta lalace ba?"

"Bari in gaya miki abin da ke lalata ta. In mutum ya sace ta ƙaf, ya bar nauyin mota a kanta, rim ne zai zauna a kan gefenta ya karya zaren da ke ciki. Ba za ki gani ranar ba. In ta kwana biyu a haka, abin ya ƙara muni. Amma babbar ɓarnar ita ce a manta, ko a yi gaggawa, a hau titi da ita babu cikakkiyar iska. Sai ta yi ta lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta fashe ana cikin gudu. Tayar gaba kuwa in za ta fashe, ba ta neman shawarar direba. Wannan mutumin ba ya sace ta ƙaf, ba ya bar mata nauyi, makulli kuma tambaye shi inda yake."

Dogo ya ɗaga hula. Ga makulli a tsakiyar sanƙo.

Mai Faci ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya kalli wani wuri daban. "Duk tayar da ya sace, ni na ba ta iska. Duk wadda na ba iska, sai na shafa gefenta ina neman kumburi. In ta dawo wurina faci bayan wata shida, sai in cire ta, in haska cikinta da tocila, ina fatan in ga layin karaya ko guda ɗaya, in ɗauko in zo in dangwarar masa a gaba. Shekara talatin da uku, Hajiya. Ban samu ba. Kuma ki sani, duk layin nan babu wanda ya kai ni son a kama shi."

Kofur ya sauke biro. "To don me kake ce masa makashin taya?"

"Shekara goman farko da gaske nake. Daga baya na gane ba ni da gaskiya, amma na riga na saba, muryata ba ta washewa da safe sai na yi. Sannan akwai masu kallo, Ofisa. Suna ganin ya danna bawul, ba sa ganin katako, ba sa ganin hula. Na taɓa ganin motar da wani ya kwaikwayi rabin aikin a kanta, na ga yadda aka jawo ta daga rami. In ina ihu, ko ba komai mai kwaikwayo zai ji tsoro."

Dogo ya ɗago kai ya dube shi. "Shekara ashirin da uku ka san gaskiya, ka bar ni ina kwana da maganarka a rai?"

"Ai ba ka tambaye ni ba."

"Kullum sai na ce ko dai mutumin nan ya ga abin da ban gani ba."

"To da ban sa ka tunanin ba, da ka yi ta kiyayewa haka?"

Aka sake dariya, amma wannan karon a hankali. Hajiya ta gyara mayafi, ta matso kusa da Dogo, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji. "Baba, ka yi haƙuri. Ban san haka ake cewa ba."

Dogo ya daɗe yana juya sifana a hannu. Sannan ya ce, "Na haƙura, 'yata. Na san kin sha wuya a hannun mutane, kuma mijinki mutumin kirki ne, ni na gyara masa motarsa ta farko. Amma maganar farkon da ƙarfi kika faɗe ta. Waɗanda suka ji, ga su can har bakin titi. Ta biyun ma a faɗe ta da irin muryar."

Hajiya ta dubi taron. Ni dai na ɗauka za ta juya ta tafi, kuma da ta tafi babu mai iya tsayar da ita. Sai ta miƙa wa Kofur jakarta, ta taka zuwa ƙofar gareji, ta hau kan wata tsohuwar taya da ke yashe, ta fuskanci taron.

"Jama'a! Masu waya, ku ɗaga, ku ɗauki wannan ma! Mutumin nan ba ɓarawo ba ne! Bai ɗauki komai ba, bai lalata komai ba! Ni ce ban ji Hausa ba!"

Wani daga baya ya ce wayarsa ba ta shirya ba. Hajiya ta maimaita, har ta fi na farko ƙarfi. Dogo ya ja hularsa ƙasa ya rufe rabin fuska, ya ce wai mai ne ya shiga masa ido. Ya taka katakonsa ya koma cikin inji, ya daɗe a ciki fiye da yadda aikin ke buƙata.

Baba Dogo, mun ga abin da ya faru, kuma mun ji kunya. Ba don Hajiya ba, ita ta gyara nata a gaban kowa. Kunyarmu ita ce sai da baƙuwa ta zo ta kira ka da mummunan suna sannan muka tuna ba mu taɓa kiranka da mai kyau ba. Muna zaune a bencinka muna shan inuwarka, muna yi maka dariyar tsawo, ba mu taɓa cewa sannu ba.

To yau mun ce. Mun gode da sammako, mun gode da motocin da ka hana fita sai sun cika sharaɗi, ko da ana zaginka. Mun gode da aikin da kake yi iri ɗaya ko mai mota na tsaye ko ya tafi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka gwiwoyinka da sauran haƙoranka. Mai Faci ma a gaishe shi, duk da ya ce in na sa shi a rubutun nan zai daina gaishe ni.

Ku kuma kanikawa masu tasowa, in za ku kwaikwayi Dogo, ku kwaikwaye shi gaba ɗaya. Danna bawul kowa ya iya. Abin da ya sa aka yarda da shi su ne ƙananan wahalhalun da babu mai gani, waɗanda zai iya tsallakewa kullum amma bai tsallake ko sau ɗaya ba. Haka ma ku da ba ku taɓa riƙe sifana ba, kowace sana'a tana da irin nata.

Ranar Litinin da ta wuce ɗansa ya buɗe garejin a karon farko shi kaɗai. Shi dogo ne sosai, ya biyo dangin uwa, kuma ya yi ta zagaye filin yana fargabar ko direbobi za su koma wani wuri. Wajen ƙarfe takwas wata babbar mota ta shigo, wani tsohon direba da ba mu taɓa gani ba ya sauko, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ɗan Dogo?"

"Ni ne, Baba."

Mutumin bai ƙara tambayar komai ba. Ya bar ƙofar motar a buɗe, jakarsa da wayarsa a kan kujera, ya tsallaka wurin mai shayi, ya zauna ya ba gareji baya.